Mari, Kurkuku, ko Magani: Me Ya Cancanci Ɗan Shaye-shaye?

Wata Lahadi, bayan Misa ta biyu, wata uwa daga cikin Zumuntar Mata ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana har jama'a suka watse. Na daɗe da saninta. Mijinta ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Fada, so nake ka taimake ni a ɗaure ɗana."

Na ce, "Mama, zauna tukuna, ki faɗa mini abin da ya faru."

Ɗan nata na uku ne. Ya fara da wiwi, ya koma maganin tari, yanzu kuma tiramol yake haɗiya kamar gyaɗa. Ya sayar da keken ɗinkinta, ya sayar da tukunyar gas, a makon nan kuma ya ɗaga wa ƙanwarsa hannu. Shawara biyu aka ba ta. Wasu sun ce ta kai shi caji ofis a kulle shi har ya dawo hayyacinsa. Wasu kuma sun ce akwai wani gidan addu'a a bayan gari inda ake sa wa irinsa mari a ƙafa, a hana shi abinci, a yi ta addu'a a kansa har aljanin ya fita. Abin da take nema a wurina shi ne in zaɓa mata ɗaya, in kuma sa albarka.

Ban zaɓa mata ba, kuma ban ba ta amsar da ta gamsar da ita ba a ranar. Amma tun daga lokacin tambayarta ba ta bar ni ba, kuma ina so mu dube ta tare, ya ku 'yan'uwa, domin da wuya a sami unguwa daga Nasarawa zuwa Gonin Gora, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, wadda ba ta da uwa irin wannan. Mutumin da ya mai da kansa bawan ƙwaya, me ya cancanta daga gare mu? Shin da ya zubar da hankalinsa, ya zubar da haƙƙinsa na ɗan Adam tare da shi?

Kada wani ya yi tsammanin zan wanke shaye-shaye. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2291, ya ɗauki shan miyagun ƙwayoyi ba bisa dalilin magani ba a matsayin babban laifi, ya kuma fi tsananta wa masu sarrafa su da masu fataucinsu a ɓoye. A kan wannan babu gardama. Gardamar tana kan abin da ya biyo baya: idan abu zunubi ne, wane irin hukunci ya halatta a yi wa mai aikata shi, kuma wa ke da ikon yin hukuncin?

Bari mu fara sanin girman abin. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi suka gudanar da bincike a duk faɗin Nijeriya. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol da kodin. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A watan Mayu na wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake kwasar sa daga kamfanoni zuwa hannun matasa. Mai karatu ya tsaya ya auna adadin nan. Duk gidajen yarin Nijeriya ba su ɗauke da ko mutum dubu ɗari. Wanda ya ce maganin abin shi ne a kulle duk mai sha, sai ya nuna mana inda za a zuba mutum miliyan goma sha huɗu.

Mu da ke kudancin kogin nan mun san wani ɓangare na tushen abin. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban iyali suka zo daga kudancin jihar, da Binuwai, da Filato, da sauran wurare, suka kafa unguwannin da muke zaune a ciki yau. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru sun tashi suna ganin ubanninsu zaune a ƙofar gida da rana tsaka. Ban ce talauci ne ke tura ƙwaya a bakin mutum ba, domin na ga 'ya'yan masu hali a cikin wannan hali. Na dai ce saurayin da ba shi da abin da zai tashe shi da safe, shi ne dillali ya fi saurin samu. A nan kuma dole in faɗi wata magana mai ɗaci: uban da ke kwana a gidan burkutu, ko yake tsotsar ogogoro na leda tun da hantsi, ba shi da bakin yi wa ɗansa tsawa a kan wiwi.

To, mu ɗauki shawara ta biyu da aka ba uwar nan, wato mari. A ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, a tsallaken kogi, suka fito da maza da yara fiye da 300. Da yawa daga cikinsu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. Kafin watan Oktoba ya ƙare an fasa wasu gidajen irinsa a Daura, da Katsina, da Zariya, da kuma wani a Rigasa ɗin. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, mafi yawan mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, domin a raba su da shaye-shaye ko da taurin kai. Kada Kirista ya karanta wannan ya ce abin na maƙwabtanmu ne. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja. Ta tarar da mutane a ɗaure a asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da cibiyoyin Musulmi, da kuma majami'un Kirista. Gidan da aka nuna wa uwar nan, da sunan Yesu ake ɗaure mutane a cikinsa.

Wannan ne ya fi damuna, domin Linjila ta riga ta ba mu labarin mutumin da aka gwada wa sarƙa. A sura ta biyar ta Markus akwai wani a ƙasar Garasinawa wanda yake zama a makabarta, yana ihu dare da rana, yana yanka jikinsa da duwatsu. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinka su. Ba mugaye ba ne, tsoro ne ya ishe su, kuma iyakar dabararsu ke nan. Da Ubangiji ya zo, bai ce a kawo sarƙa mafi kauri ba. Ya yi magana da shi, ya tambayi suna, ya 'yantar da shi, jama'a suka zo suka tarar da shi zaune, da tufafi, cikin hankalinsa. Da ya roƙa ya bi shi, sai ya mai da shi gida wurin danginsa. Mai ɗaure mutum da sunan Almasihu yana yin aikin Garasinawa ne, yana kuma jingina shi ga wanda ya zo ya kwance. Ban da haka, likitoci sun nuna cewa wanda jikinsa ya saba da tiramol ko barasa, idan aka yanke masa farat ɗaya ba tare da kulawa ba, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da ake cewa aljani ne ke fita, sau da yawa jiki ne ke neman taimakon likita.

Saura shawara ta farko, wato hukuma. Nijeriya ta daɗe tana gwada tsanani. Dokar soja ta 1966 a kan wiwi ta tanadi kisa ga mai noma ta, da ɗaurin shekara goma ga mai sha, har sai da aka sassauta ta a 1975. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta sa hukuncin kisa a kan fataucin hodar ibilis da makamantanta, ta kuma waiwayi baya ta hau kan laifin da aka aikata tun kafin a rubuta ta. A ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe samari uku a Kirikiri da ke Legas: Bartholomew Owoh, da Bernard Ogedengbe, da Lawal Ojuolape. Akbishop Olubunmi Okogie na Legas yana cikin waɗanda suka ɗaga murya a kan wannan kisa. Gwamnatin Janar Babangida ta janye hukuncin kisan a 1986, aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Dokar da ta kafa hukumar ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da hodar ibilis ko makamanciyarta, ko yana shan ta. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta sake amincewa da hukuncin kisa ga masu fatauci, ko da yake daga baya, da aka daidaita da Majalisar Wakilai, an koma ga ɗaurin rai da rai. Shekara kusan sittin ke nan ana ƙara wa bulala kauri, masu sha kuwa sai ƙaruwa suke yi. Game da kisa, matsayin Ikilisiya a bayyane yake tun da Paparoma Francis ya gyara sakin layi na 2267 na Katekizim a 2018: hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, ko ga wa.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babu inda aka bi hanyar tsanani har ƙarshenta kamar nahiyar Amurka, saboda haka ya kamata mu leƙa can mu ga abin da ta haifar. A 1971 Shugaba Richard Nixon ya ayyana shan ƙwaya a matsayin babban abokin gaban ƙasarsa, daga nan aka shiga abin da ake kira yaƙi da ƙwaya. A 1980 mutanen da ke tsare a Amurka kimanin dubu ɗari biyar ne. A 2008 sun kai miliyan 2.3. Wata doka ta 1986 ta yanke ɗaurin shekara biyar ga wanda aka kama da giram 5 na dunƙulalliyar hodar ibilis, wadda talakawa baƙaƙen fata suka fi sha, alhali mai garin hodar, wadda masu kuɗi suka fi sha, sai ya kai giram 500 kafin ya sami wannan hukunci. Abu ɗaya ne, amma ma'auni biyu. Sai a 2010 aka rage wannan tazara. Bayan duk wannan, a 2021 da 2022 mutum fiye da dubu ɗari ne suka mutu a kowace shekara a Amurka saboda ƙwaya ta yi musu yawa.

Meziko ta fi shan wuya. A watan Disamba na 2006 Shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji jihar Michoacán su murƙushe ƙungiyoyin fatauci. Ƙungiyoyin suka farfashe suka yawaita, suka sayi makamai, suka sayi 'yan sanda. A watan Mayu na 2022 rajistar gwamnati ta mutanen da suka ɓace ta haura dubu ɗari, mafi yawansu bayan 2006. A can akwai iyaye mata da ke fita daji da shebur da sandar ƙarfe suna tonon ƙasa, suna neman ƙasusuwan 'ya'yansu. A watan Yuni na wannan shekarar aka harbe Fada biyu 'yan Jesuit, Javier Campos da Joaquín Mora, a cikin cocinsu a ƙauyen Cerocahui, sa'ad da wani mutum ya gudo ciki neman mafaka. A Kolombiya kuwa an yi shekaru ana fesa guba daga jirgin sama a kan gonakin koka, tana sauka har kan rogo da masarar talakawa, kafin a dakatar a 2015.

Wannan ne ya sa masu kare haƙƙin ɗan Adam a nahiyar suka fara cewa a sake lale. Ba 'yan shaye-shaye ne suka ja gaba ba. A 2009 tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Fernando Henrique Cardoso na Birazil, da César Gaviria na Kolombiya, da Ernesto Zedillo na Meziko, mutanen da suka yi yaƙin da hannunsu, suka fito suka ce ya gaza, suka nemi a ɗauki mai sha a matsayin majinyaci, a juya ƙarfin hukuma kan manyan 'yan fatauci. Muryar ta iso gare mu. A 2014 wani kwamiti na Afirka ta Yamma wanda Kofi Annan ya kira, Cif Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a daina ɗaure mutum saboda sha kawai. Gana ta bi wani ɓangare na shawarar a 2020, ta mai da hukuncin riƙe ƙwaya don shan kai ya zama tara maimakon kurkuku.

Amma fa ba duk abin da aka kira gyara ne gyara ba. Urugwai ta halatta sayar da wiwi a 2013, Kanada ta bi a 2018. Paparoma Francis, wanda ya fito daga Ajantina ya kuma san unguwannin talakawan Buenos Aires ciki da waje, ya ƙi wannan hanya ƙiri-ƙiri a jawabinsa na watan Yuni 2014, yana mai cewa ba a maganin ƙwaya da ƙwaya. Shi ɗin ne kuma, tun yana Akbishop, ya durƙusa a ranar Alhamis Mai Tsarki ta 2008 ya wanke ƙafafun samari masu fama da shaye-shaye. Bai ga saɓani tsakanin abubuwan biyu ba, ni ma ban gani ba. Akwai kuma darasin jihar Oregon a Amurka. A 2020 jama'arta suka kaɗa ƙuri'a aka cire hukuncin ɗauri a kan riƙe ƙwaya kaɗan, aka mai da shi tarar dala ɗari, wadda za a yafe wa mutum idan ya buga waya ya nemi taimako. Kuɗin gina wuraren jinya ya yi jinkirin fita, masu buga wayar ba su taka kara sun karya ba, shan ƙwaya a bainar jama'a ya dami mutane, a 2024 majalisar jihar ta dawo da hukunci. Sun kwance mari, ba su tanadi gado ba. Barin mutum ya mutu a gefen titi da sunan 'yanci, shi ma wulaƙanta ɗan Adam ne, sai dai ba ya barin tabo a idon sawu.

Ina matsayina ke nan? A seminari an koya mana wata magana ta Waliyyi Toma na Akwino wadda a lokacin na ɗauka ta jarrabawa ce kawai. Ya tambaya ko aikin dokar ɗan Adam ne ta hana kowane mugun hali, ya amsa da cewa a'a. Dokar ƙasa an yi ta ne domin taron jama'a waɗanda yawancinsu ba kammalallu ba ne, saboda haka tana hana manyan laifuffuka, musamman masu cutar da wasu, irin su kisa da sata, waɗanda in ba a hana su ba zaman tare ba zai yiwu ba. Idan aka ɗora wa raunana abin da ya fi ƙarfinsu, sai su faɗa cikin abin da ya fi muni. Ba kowane zunubi ne ke bukatar alƙali ba. Maye zunubi ne, amma ba ma ɗaure mashayin giya shekara goma sha biyar. Hukunci kuma, a koyarwarmu, dole ya yi daidai da laifi, ya kuma nufi gyaran mai laifin. Saurayin da aka kama da ƙullin wiwi, aka jefa shi cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar nan, zai kwana da 'yan fashi, ya fito da sana'ar da bai shiga da ita ba, da kuma sunan da zai hana shi aiki. Wanda iyayensa ke da kuɗi kuwa ba ya kwana biyu a ciki. Mai shigo da tiramol kwantena-kwantena ta tashar jirgin ruwa, shi ne ya cancanci ƙarfin hukuma duka. In aka bar shi aka tasa yaron Unguwar Romi a gaba, an bar jaki ana dukan taiki.

Na san abin da za a ce mini, domin uwar nan ta faɗa mini da bakinta: "Fada, kai ba a gidan kake kwana ba." Gaskiyarta. Ɗan shaye-shaye yana cutar da wasu, kuma ƙanwar da ya mara tana da nata haƙƙin, wanda bai gaza nasa ba. Idan ya yi sata, a hukunta shi a kan sata. Idan ya ƙwaci waya ko ya sari mutum, doka ta hau kansa kamar kowa, maye ba hujja ba ne. Idan ya zama haɗari ga kansa ko ga na gida, ana iya tsare shi ko bai so ba, amma a hannun likita, na ɗan lokaci, bisa ƙa'ida, inda wani zai iya shiga ya duba halin da yake ciki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wannan hanyar ta nufa. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido. Abin da ya rage shi ne a gyara dokar NDLEA ta raba mai sha da mai sayarwa a fili, a kuma zuba kuɗi a jinya tun kafin a sassauta hukunci, kada mu maimaita kuskuren Oregon. Binciken 2018 ya nuna cewa cikin masu sha biyar, ɗaya ya kai matsayin da ke bukatar magani, wato mutum kusan miliyan uku. Muna da sa'a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa kusa da mu, amma asibiti ɗaya ba zai ɗauki nauyin jiha guda da maƙwabtanta ba.

A nan ne kunya ta kama ni. A Birazil wani Fada ɗan Faransiskan, Hans Stapel, tare da wani saurayi na Ikilisiyarsa, suka fara karɓar 'yan shaye-shaye a 1983 a garin Guaratinguetá. Gona ce: ana noma, ana zama kamar iyali, ana addu'a, babu sarƙa, wanda ya shiga da yardarsa ya shiga. Paparoma Benedict na 16 ya ziyarce ta a 2007, yau kuma tana da rassa a ƙasashe da dama. Mu a nan mun gina ɗakunan taro, mun yi wa coci-coci silin da tayil, amma da uwar nan ta tambaye ni inda za ta kai ɗanta a daren da ya birkice, ba ni da ɗaki ko ɗaya da zan nuna mata. Na hana ta mari, na hana ta caji ofis, na sallame ta hannu wofi.

Abin da muka iya yi kaɗan ne. Katekis da wasu dattawa biyu suka raka shi Barnawa, bayan an yi kwana uku ana lallashinsa. Aka mai da ƙanwar gidan gwaggonta na ɗan lokaci. Ya yi wata huɗu lafiya, ya koma, ya sake tashi, ya sake komawa. Yanzu yana koyon walda a Kakuri, maigidansa ya san halinsa, ba ya ba shi kuɗi a hannu sai ta wurin uwar. Keken ɗinkin bai dawo ba. Zumuntar Mata ce ke biyan kuɗin motar zuwa ganin likita, kuma a taronsu na watan jiya wasu sun fara tambaya har yaushe za a ci gaba da biya.